Kaka Roza, Gobe Wanzami Zai Zo

Gashuwa,
ranar Talata, tsakiyar damina.

Zuwa ga uwargidana Kaka Roza,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasar da muka rufa miki ba ta yi miki nauyi ba. Ni ne Habu, mijin jikarki Mairo, wanda kike cewa da an bi gaskiya ke ya kamata ya aura ba ita ba. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma ba za ki karanta ba, don kin sha gaya mini rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ba laifina ba ne. A aji uku na elementare malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Tun daga nan buhu nake yi wa rubutu, na gyaɗa da na ƙaro da na banda, kuma buhu bai taɓa kai ƙarata ba. Yau dai ki yi haƙuri da kazar. Na duba garin nan kaf, ban ga wanda zan gaya wa abin da ke cikina ya saurara bai yi dariya ba, sai wanda ya mutu.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda masu ilimi ke yi. Ba a daɗe da rasuwarki ba kamfani ya ɗauke ni daga Nguru ya kawo ni rumbunsa na Gashuwa. Muka kwaso tabarmi da tukwane muka dawo gidanmu, gidan Inna mahaifiyata, nan bakin kogi inda aka yanke mini cibiya. Ɗakinki na bayan tashar jirgi wani ma'aikacin reluwe ne a ciki yanzu. An ce ya tuge tumatirinki ya shuka rogo. Ban je na gani ba, don na san in na gani sai an kai ni gaban alƙali. Awakinki mun rabar, sai guda ɗaya, baƙar nan mai mugun hali da kika sa wa sunan yayarki Tereza. Ita muka sako a bayan mota, ta tunkuyi karen motar tun ba mu fita gari ba. 'Yarmu Zara ta yi wayo, ta fara wanke-wanke. Har yanzu siririya ce kamar tsinken tsire, kuma har yanzu tana tambaya yaushe za ki dawo daga tafiya.

Wannan duk kewaye-kewaye ne. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mairo ta haihu ranar Larabar da ta wuce, namiji, kuma bakwaini ne. Santsi ya kwashe ta a gangaren kogi tana ɗauke da tulu, kafin la'asar ya faɗo. Kaka, ban taɓa ganin mutum ƙanƙane haka ba, ni da na ga waɗanda suka bi ta hannunki. Na ɗora shi, kansa a tafina, ƙafafunsa ba su kai gwiwar hannuna ba. Fatarsa ja, ana ganin jijiyoyi ta ciki. Kukansa sai an kai kunne. Ba ya iya kama nono, in ya kama ba ya iya ja, in ya ja sai ya gaji ya yi barci da ɗigon a leɓe. Tun a ranar na raɗa masa sunan mahaifina a kunne, Umaru, don kada ya tafi ba suna. Mairo kuma zazzaɓi ya kwantar da ita, ruwan nonon ma sai an matsa ake samun abin da zai jiƙa cokali.

Hanyar Nguru, inda asibiti yake, ruwa ya cinye ta. Motar kamfani tana can a kafe, direban a kan jaki ya dawo. Na je wurin malamin ɗakin magani, mutumin kirki ne, ya zo har gida ya duba, ya ce a rufe shi da kyau, Allah ya raya. Na bi shi zaure na tambaye shi ko akwai wani abu bayan wannan. Dafa kafaɗata kawai ya yi ya sa takalminsa.

Gobe suna. Gobe wanzami zai zo ya yi masa aski, kuma bisa al'ada ya cire masa beli, ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro, wanda mutanenmu suka ce in an bar shi yana toshe wuyan yaro. A buɗe bakin da ɗan yatsana ba ya shiga a zura ƙarfe. Kafin nan mata su fito da shi tsakar gida su yi masa wankan ruwan zafi a cikin iskar damina. Wankan dai mun yi ta zille masa, don ungozoma ma tsoron ɗaukarsa take yi, goge shi kawai take. Amma ranar suna ba a zille mata. Kin san wannan rana, Kaka. Sau nawa kika tsaya mata a bakin ƙofa?

Tun da ya faɗo nake ƙoƙarin tuna yadda kike yi, yadda kika yi wa Zara da ita ma ta zo ba lokacinta ba. Akwatin sabulu na katako, na samo a rumbu. Auduga, Inna tana da ta kaɗi, na yi mata sata. Man gyaɗa kike shafa musu maimakon wanka, wannan na riƙe. Jan bulo kike gasawa a murhu, ki naɗe da tsumma ki jera a gefen akwatin. A Gashuwa ina zan ga jan bulo? Na gwada tubali, ya farfashe a wuta. Yanzu rairayin kogi nake soyawa a kasko kamar mai tallan gyaɗa, in ɗura a safar ulun da kika saƙa mini, wadda na rantse ba zan taɓa sawa ba. Ga shi ta yi rana. Amma zafin fa? Ke a kuncinki kike kara bulon, ki ce ya yi ko bai yi ba. Ni na kara a nawa kuncin, fatar da rana ta daɗe da gasawa, ba na jin komai. Shekaranjiya na ga ja a cinyarsa. Ni na ƙona shi? Ko haka fatar take?

Sai nonon Tereza. Kina tafasawa, kina sirkawa da ruwa, wannan na sani. Ruwan yaya yawansa? Rabi da rabi ne, ko ruwan ya fi? Kina sa ɗan sukari, ko idona ne? Ni fa nake riƙe miki kofin, Kaka. Amma idona ba ya kan kofin, yana kan fuskarki, ina jiran in ga ko maganar da na saki ta kama ki. Na tambayi Mairo, ta ce rabi, anjima ta ce ba rabi ba, anjima ta kira ni da sunanki. Ina ɗiga masa da zaren auduga. Wani ɗigon ya haɗiye, wani ya dawo ta hanci, ni kuma in tsaya ina kallon ƙirjinsa ko zai sake tashi.

In ina zaune a gaban akwatin nan, labaranki ne ke zuwa mini, waɗanda kike bayarwa a gindin darbejiyar ƙofarki muna karta kina yi mini maguɗi. Ƙauyenku na Italiya da ke maƙale a jikin dutse, inda ƙanƙara ke toshe ƙofa sai an haƙa hanya, kuna kwana a saman ɗakin shanu don ɗumin numfashinsu ya hau muku. Kin ce mahaifiyarki ungozoma ce, kuma ke kanki bakwaini ce, a kwandon burodi aka raine ki kusa da tanderu. Na ce ashe shi ya sa kika fito fara, an sauke ki ba ki gama nuna ba. Kika jefe ni da ƙullin ulu. Mijinki ya tafi wata ƙasa fasa dutse, dutsen ya faɗo masa. Ɗanki Jino birkila ya biyo aikin hanyar jirgi har Nguru, ya aika miki wai ya auri 'yar Bade daga Gashuwa. Kika sayar da saniya kika shiga jirgin ruwa, kina amai daga can har Ikko, don ki zo ki ga wace ce wannan da za ta ciyar miki da ɗa da kifi. Da irin tumatir kika zo a ɗinke cikin bakin siket, da sandar murza taliya, ba ki jin ko sannu. Faɗa kika zo yi, kika ƙare ke ce kika yi jinyar surukar taki har ta cika, ta bar miki Mairo tana rarrafe.

Da yaƙin Turawa ya tashi Ingilishi suka kwashe mazan Italiya, aka sa Jino a jirgin ƙasa yana ɗaga miki hula ta taga. Ke aka bar ki saboda tsufa da kuma yarinyar. Duk ranar da jirgi zai shigo kina tasha, a kan benci, da saƙarki. Labarin mutuwarsa ya zo, ba ki daina zuwa ba. A nan na fara ganinki, ina rubutun buhu, na ce wa abokan aikina Baturiyar nan ta fi mai tutar tasha sanin lokacin jirgi. A nan kuma wani Bafillace ya zo da jariri a naɗe cikin fatar akuya, uwar ta rasu a hanya, yana yawo da shi tsakanin mutane bai san wanda zai miƙa wa ba. Kika ajiye saƙar kika miƙa hannu. Daga ranar ɗakinki ya daina zama naki. Marayun jarirai, bakwaini, masu gudawa, har daga Machina da Kumagannam ake kawo miki su a kan raƙumi. Ranar kasuwa ki fita da tasa da ruwan gishiri ki yi ta wanke wa yara ido. Wanda ya kawo miki kifi ko ƙwan zabo, kafin ya kai bakin titi kin miƙa wa wani. Kina saƙa wa jarirai hular ulu a garin da ake iya dafa ƙwai a kan dogon jirgi, duk Nguru na dariya, ni ne a gaba. Ke da kike da gicciye a wuya, ke kike tashin Mairo sahur, kin riga kin murza mata taliya. Ina kika samo wannan zuciyar, tsohuwa? A kwandon burodin?

Yanzu ga inda abin ya ɗaure ni. Kin san ina kwaikwayonki. Ke kanki kina sa ni in yi in baƙi sun zo. Yadda kike riƙe ƙugu, yadda kike ce wa kowa "ke" har hakimi, yadda kike tare ƙofa da sandar taliya in wanzami ya zo wa jaririn da ke akwatinki, ki ce ba wanka ba ƙarfe sai yaro ya cika akwatin. Duk zuwan da nake yi Gashuwa da salla, wannan wasan ne tsarabata. Mata su cika tsakar gidan Inna, in ɗaura kallabi, in cusa gammo a ƙirji, in ɗauki muciya in kori wanzamin da babu shi har zaure. Suna faɗuwa ƙasa. Shekara da shekaru ina yi, har yaran unguwa sun haddace.

To, washegarin haihuwa na fito tsakar gida, mata sun cika sun zo barka. Na ce kada a yi wa yaron nan wanka, kuma wanzami ba zai taɓa bakinsa ba sai ya yi ƙwari. Da muryata na faɗa, Kaka, tawa wadda Allah ya ba ni. Gidan ya kaure da dariya. Gwaggo ta ce in sake, ban riƙe ƙugu ba. Wata ta miƙo mini muciya. Na ce wallahi da gaske nake. Suka ce kai Habu, har rantsuwar Baturiyar ya iya. Inna ma ta yi murmushi, karo na farko tun da jikan ya faɗo, ta ce Allah ya yi mini albarka, ko a ranar tashin hankali sai na sanyaya wa mutane rai. Godiya ta yi mini. Na koma ɗaki da muciya a hannu.

Ni na koya musu, ba wani ba. Tun ina yaro na gane in ka sa mutum dariya hannunsa ba ya ɗaguwa ya dake ka. Na gwada a kan malam, na gwada a kan dogari, na gwada a kan Baturen kamfani, duk ta ci. Ban san akwai ranar da zan buƙaci a yarda da ni ba. Na sake faɗa musu washegari, na sake faɗa. Kullum sai su ce yau ma ya fara. Mutum yana nutsewa a kogi yana ɗaga hannu, na bakin gaɓa suna tafa masa, wai ya iya iyo.

Kada ki ɗauki Inna muguwa. Na san ba ku taɓa shiri ba tun ranar ɗaurin aurenmu, da ta dubi taliyarki ta ce ita ba ta cin tana. Amma matar nan ta binne 'ya'ya kafin ta same ni. Akwai yayana da ban sani ba, wanda ruwa ya hana wanzami ƙetarowa a kan lokaci, ya rasu wuyansa a kumbure, a cinyarta. Har yau ba ta ambatar sunansa. Kuma tana nuna mini Zara, ga ta nan ba ta ƙiba, duk damina sai ta yi tari, wai saboda Baturiya ta hana a cire mata beli. Ke kin ce akwatinki ne ya raya Zara. Inna ta ce akwatin ne ya hana ta auki. Ni ina tsakiya da aji ukuna.

Jiya na tafi kasuwa wurin Modu wanzami, shi ne zai zo goben. Tare muka yi kamun kifi muna yara, mahaifinsa ne ya yi mini kaciya. Na same shi a rumfarsa kusa da masu kifi, yana yi wa wani tsoho ƙaho. Tun daga gida nake shirya magana a hanya, mai nauyi, irin ta dattawa. Yana hango ni ya fara dariya, ya ce wa mutane ga Baturiya ta zo korarsa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce in yi na sandar, shi ya fi so. Ban san lokacin da na zauna a taɓo ba. Kuka na yi, Kaka, irin na yara, da majina da komai, a gaban masu kifi, ni da ranar jana'izar mahaifina sai da masu haƙa kabari suka riƙa ɓoye fuska suna danne dariya saboda surutuna. Da farko an ɗauka shi ma wasan ne. Wani har ya ce wannan sabo ne, bai taɓa gani ba.

Modu ne ya fara ganewa. Ya ajiye ƙahon, ya kori jama'a, ya tsuguna a taɓon tare da ni da farar rigarsa. Ya ce shi ma ba ya son taɓa irin waɗannan ƙananan, tun da ya yi wa wani a wani ƙauye wajen Dapchi jinin ya ƙi tsayawa. Ya ce zai zo ya ɗan taɓa gashin da aska don a ce an yi, ba zai buɗe bakin ba. Amma ba zai yi wa Inna ƙarya ba, kuma ba shi zai ce mata a'a ba, don uwa ce a wurinsa. In ta ce ya cire, uban yaro kuma yana gefe yana ba mutane dariya, zai cire. Uban ne zai faɗa, kuma sai ta ji.

Yau da hantsi na same ta a bayan gida tana bandar kifi. Na tsuguna nesa kaɗan. Na ce, Inna, ɗana ne, ba za a fito da shi wanka ba, ba za a cire masa beli ba. Ta ɗago ta dube ni, fuskarta ta riga ta shirya dariya, tana jiran ƙarshen wasan. Ta yi ta jira. Hayaƙi na shiga idona ban kau da kai ba. Kin san abin da ya fi wuya? Akwai wata magana mai kyau da ta taso mini har bakin harshe, a kan kifin da ke gabanta, wadda na san in na sake ta za ta yi dariya, ni ma in yi, mu tashi lafiya, gobe Modu ya zura ƙarfensa. Na haɗiye ta kamar ƙaya. Ina kallo murmushin ya bar fuskar uwata a hankali.

Ta ce, "In ya tafi da belinsa a wuya, alhakinsa a kanka yake. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka.

Ta ce to, ta cire hannunta. Ta juya kifinta. Tun daga lokacin ba ta leƙa ɗakin ba. Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta koma gidanta. Ungozoma ta aiko wai ƙafarta na ciwo. Na ratsa tsakar gida ɗazu, mata suka yi shiru suka ba ni hanya, kamar hakimi ne ke wucewa. Abin da na yi kwanaki ina roƙo ke nan, ga shi an ba ni. An yarda da Habu. Yanzu daga ni sai Mairo da zazzaɓinta, sai akwatin sabulu, sai akuya mai mugun hali.

To in Inna ce ke da gaskiya fa? Ke ba likita ba ce, Kaka. 'Yar ungozoma ce daga kan dutse, kamar yadda Inna 'yar masunta ce daga bakin kogi. Ke kin gaji naki, ita ta gaji nata. Kuma ba duk wanda ya shiga akwatinki ne ya fito da rai ba, ni na sani, ni na haƙa wa wasu rami da hannuna. In haka ta faru sai ki shiga cikin tumatir da fartanya rana tsaka, ki yi ta noman inda babu ciyawa har tafinki ya yi kanta, ba ki kula kowa. Ni na ɗauka fushi kike yi. Lokacin da kike tsayawa a ƙofar nan da sanda, ƙugu a riƙe, kin tabbata ne? Ko ke ma shakkarki kike ɓoyewa, mu dai ba ma gani? Na kwaikwayi tafiyarki, na kwaikwayi muryarki, har tarinki na iya. Wannan ne kawai ban taɓa tambaya ba, kuma shi kaɗai nake buƙata yau.

Akwai abin da ban gaya miki ba, bari in faɗa tun da takarda ta rage. Ranar da aka binne ki a ɗan shingen nan na bayan reluwe, limamin cocinku bai samu zuwa ba, wani ma'aikacin jirgi ne ya yi karatu. Matan Nguru sun tsaya a bayan shinge, ba su shigo ba, ba su kuma tafi ba, wasu da yara a goye da hulunanki a ka, cikin zafin nan. Na so in yi miki addu'a irin wadda muke yi wa namu. Na tambayi liman, ya ce in bar lamarinki ga Wanda ya halicce ki, ya fi mu sanin abin da kika aikata. Na bari. Amma bakina ba ya iya zama haka kawai, sai na ce wa Mairo yau wanzaman Nguru za su yi barci har da minshari. Ta daɗe ba ta yi mini magana ba. Abin da nake so in ce shi ne, a duk duniya ke kaɗai ce in na yi wasa kike dariya har ki share hawaye, sannan ki dube ni ki ce, to an gama, yanzu gaya mini abin da ke damunki. Ba wanda ya taɓa tambayata haka, har uwata. Ban taɓa amsa miki da gaskiya ba, ban kuma taɓa ce miki na gode ba. Na gode, Kaka. Ga shi yau na gaya miki abin da ke damuna, kin kuwa zaɓi lokacin da ba za ki amsa ba. Dama ke maguɗi ne halinki.

An ɗaure ragon suna a gindin tsamiya, an jiƙa gero, an kai goro maƙwabta. Ɗazu da na fita ɗebo rairayi na hangi Inna a bakin randa. Ta fito da tsohuwar farar rigar mahaifina daga adaka, ta yanki ƙyalle daga jikinta, bai fi kamu biyu ba, ta wanke shi tas ta shanya a kan danga, tana ta miƙar da gefensa da hannu. Ban sani ba ko na naɗe shi ne gobe in an fito da shi gaban liman, ko na ɗaya abin ne. Ta ga ina kallonta. Ban tambaye ta ba. Daga inda nake zaune ina hango shi ta ƙofa, ya kusa bushewa.

Yana numfashi, Kaka. Yanzun nan na duba. Zan ajiye alƙalami in je in tatsi Tereza, in ta yarda.

Ki huta lafiya, tsohuwa. In akwai hanyar da ake leƙowa daga inda kike, ki leƙo gobe da hantsi. Ba sai kin yi magana ba. Ki tsaya a bayana kawai.

Naki, uban Zara da Umaru,
Habu mai rubutun buhu.